A Ba Jiragenmu Tebur Ɗaya Ranar Rufe Makaranta

Muna neman izinin malamanmu da iyayenmu mu yi magana a kan wani abu da wasu za su ce bai kai a sa shi cikin littafin makaranta ba, wato jiragen sama na gwangwani da wasunmu ke ƙerawa.

Abin da ya jawo maganar kowa ya ji shi. Bayan babbar sallah an tsinci jirgi a ƙarƙashin benci a ajinmu, aka karɓe shi. Mai jirgin bai yi musu ba, don ya san aji wurin karatu ne, mu ma ba mu goyi bayansa a kan wannan ba. Amma daga nan magana ta bazu cikin gidaje cewa aikin banza ne, wasan yara ne, har wani daga cikinmu ya dawo gida ya tarar an taka nasa an jefa a bola. Kusan wata biyu ya yi yana aikinsa. Wannan kalma ta "banza" ita ce ta tsaya mana a rai.

Mu 'yan Zango ne, filin jirgin Wagadugu maƙwabcinmu ne. Wanda ya bi titin Kwame Nkrumah ya yi kudu, kafin ya gaji ya isa. Tun muna goye muke jin ƙararsu, kuma sau nawa Malam ke dakatar da karatu sai jirgi ya wuce sannan a ci gaba? Lokacin aikin hajji kuwa, unguwa kan kwashe ta tafi rakiya. Ɗan masunci jirgin ruwa yake sassaƙawa, to ɗan Zango me ake so ya ƙera?

Yankan gwangwani da haɗa shi, wannan kowane yaro ya iya. Gwangwanin Nido ya yi jiki, na Nescafé ya yi inji, tsohon silifa ya yi taya. Inda ake gane gwani shi ne wajen awo da fenti da rubutu.

Awo tukuna. Jirgin nan DC-10 mai inji uku, biyu a fukafukai ɗaya a gindin wutsiya, tsawonsa wajen mita 55 ne, buɗin fukafukansa wajen mita 50. In ka yi jikin naka santimita 55, tilas fukafukai su zama santimita 50, wato kashi ɗaya cikin ɗari. Ka ƙara ko ka rage, ko jariri ya kalla ya san da matsala. Akwai waɗanda hisabi bai taɓa shiga kansu a allo ba sai da suka zo yankan fiffike. Mun san su, ba za mu faɗi suna ba.

Fenti kuwa makarantar haƙuri ce. Sai ka goge gwangwanin da yashi mai laushi har rubutun kamfani ya fita, in ba haka ba sabon fenti ba ya kamawa. Ka sirka fentin da ɗan fetur ya yi ruwa-ruwa, ka shafa siriri, ka bar shi ya kwana, gobe ka ƙara. Mai gaggawa da ya lafta shi da kauri rana ɗaya, sai ya ga yana zubar da hawaye a gefe, ya bushe da ƙuraje. Babban abokin gaba shi ne ƙurar hunturu: ka shafa fari tas, iska ta kaɗa sau ɗaya, jirginka ya koma ja kamar an tono shi a hanya. Shi ya sa muke kifa masa kwanon wanki, shi ya sa kuma iyayenmu mata ke neman kwanoninsu su rasa. Allah ya ba su haƙuri. In fari ya bushe sarai, sai a liƙa sikoc sama da ƙasa, a cika tsakani da kore, a ɓare shi a hankali tun fentin bai gama ƙanƙamewa ba, layi ya fito miƙe kamar an ja da zare. Da, dala-dala muke haɗawa mu sayo 'yan ƙananan gwangwanayen fenti wajen Rood Woko. Bayan da kasuwar ta ƙone a watan Mayun 2003, sai roƙon ragowa wurin masu fentin ƙofofi.

Wajen rubutu ne muka fi 'yan lakwal, kuma su ma sun sani. Hannun da ya yi shekaru yana jan alƙalamin kara a kan allo ba ya rawa. Wasunmu kan fere alƙalami siriri su tsoma a baƙin fenti su rubuta kai tsaye a jikin jirgi. Wasu kan rubuta a takarda marar kauri, su yanke harafi-harafi, su liƙa da ƙaro, irin wanda muke sa wa tawada, sannan su bi da ruwan farce marar launi don ya yi ƙyalli kada damshi ya ɗaga shi. Har lambar jirgi ana sawa: na ƙasarmu da XT suke farawa, na Air Afrique da TU, don a Abijan hedikwatarsu take. Ranar da wani ɗan lakwal ya kwafi sunan jirgin Saudiyya daga kalanda, ya rarraba haruffan ya watsar da ɗigogi, wurinmu ya kawo aka gyara masa. Mu muka hana shi sa tutar Saudiyya a jiki, don akwai kalmar shahada a kanta, ga shi abu ne da ake ajiyewa a ƙasa, yara na ja.

To, sai maganar hukunci, wadda ita ce ta fi nauyi, kuma ba mu isa mu yanke ta ba. Abin da muka karanta dai shi ne, wani mai yin hotuna ya zo wurin Ibn Abbas, ya gargaɗe shi game da surar mai rai, ya nuna masa ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Jirgi ƙarfe ne. Inda muka yi saɓani tsakaninmu shi ne wutsiyar Air Afrique, don akwai baƙin kan dabba mai ƙaho a jikinta, kamar barewa. Wasu sun ce a Malikiyya abin da aka haramta shi ne cikakkiyar sura mai inuwa, wannan kuwa zane ne, kai ne kawai ba jiki. Wasu suka ce barin shubuha ya fi. Yawancinmu mun bar wutsiyar da kore kawai, ko da yake wallahi jirgin kan zama kamar mutum ba hula. Muna roƙon malamai su zauna da mu su warware mana, mu daina gardama a bakin masallaci.

Akwai abin da ake zarginmu da shi da yake gaskiya ne. Wanda ya bar haddarsa don jirgi ya yi laifi, a hukunta shi. Wanda ya bar yankakken gwangwani a tsakar gida ƙaninsa ya taka, ya yi laifi. Amma a duba wannan ma: dukanmu mun san takardar shaidarmu ta Larabci ba ta buɗe ƙofar ofis kamar ta 'yan lakwal. 'Yan kaɗan za su samu tafiya Azhar ko Madina, Allah ya sa da mu. Sauran fa? Mai rubuta allon shago, mai fentin mota, mai rubutu a bayan babbar mota, duk da irin wannan hannu suke ci da iyalinsu. Tun 1988 ake yin SIAO a garin nan duk bayan shekara biyu, baƙi na zuwa daga ƙasashe suna sayen aikin hannu, har da motoci da jirage na gwangwani. Wasu muka ga ana sayarwa a bara, ba su kai namu kyau ba.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. A ba mu lungu ɗaya a makaranta mai ƙofa, inda fenti zai bushe ba ƙura, mu riƙa aiki ranar Alhamis da ba karatu. Sannan ranar rufe makaranta, bayan masu hadda da masu huɗuba sun gama, a ba mu tebur ɗaya a gefe, iyaye su wuce su gani da idonsu.

Muna cewa bana ne don ba mu san baɗi ba. A 2003, shekara biyu ke nan ana maganar ZACA, kowa ya ji za a tashi Zango. Wasu gidaje sun nufi Ouaga 2000, wasu Nioko. Ajin nan da wuya ya sake haɗuwa cif. Air Afrique ma, da ƙasashe goma sha ɗaya suka kafa a 1961, wanda ya kai kakanninmu da yawa Makka, ya durƙushe tun 2002, ƙannenmu ba za su ƙara ganinsa ya ratsa saman unguwa ba. Muna da guda huɗu nasa da aka gama, da Air Burkina biyu, da na Saudiyya ɗaya. Na takwas yana ofishin Malam tun bayan sallah, fiffikensa na hagu ko shafa ta biyu bai samu ba. In an yarda a maido shi, kwana uku sun isa a ƙarasa.