RIGA-KAFIN KWAMFUTA: KADA A BA KURA AJIYAR NAMA

Tun lokacin da tafireta ta ba kwamfuta wuri a ofisoshin gwamnati, aikin akawu ya rataya a kan na'urar da sau da yawa shi kansa bai san cikinta ba. Takardar albashi, da jerin sunayen ma'aikata, da sakamakon jarrabawa, da kundin binciken ɗalibi, duk sun koma cikinta. Garin Kazaure kuwa ba baƙo ba ne a wannan fage, domin a nan ne Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki Jihar Jigawa daga 1999 zuwa 2007, ya kafa makarantar koyon ilmin kwamfuta, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu. Saboda haka idan ma'aikata da ɗalibai na Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa suka yi kuka game da manhajar riga-kafi, watau wadda a ke kira antibayiros, to, ya kamata a saurare su da kunnen basira.

Kukan nasu kashi uku ne. Na farko, manhajar ba ta kama abin da aka saye ta domin ta kama. Na biyu, idan matsala ta auku ba a samun wanda za a kai wa ƙara. Na uku kuma, maimakon ta tsare na'ura, sai ta cika ta da tallace-tallace da waɗansu tarkacen da ba a nema ba. Duk ukun suna da tushe, kuma akwai shaida a kansu daga manyan ƙasashen da a ke ƙera waɗannan kaya.

A ɗauki na farko. Ran 21 ga watan Afrilu na 2010, kamfanin McAfee ya aika wa masu amfani da kayansa wani sabon gyara wanda ya ɗauki wani muhimmin sashe na Windows XP a matsayin ƙwayar cuta, ya kama shi ya tsare. Nan take kwamfutoci masu ɗimbin yawa a kamfanoni da asibitoci suka shiga kashe kansu suna kunnawa ba tsayawa. A 2017 ɓarayin intanet suka cusa mugun abu a cikin CCleaner, manhajar share datti wadda kamfanin Avast ya mallaka, har mutum fiye da miliyan 2 suka sauke ta a haka. Sa'an nan ran 19 ga watan Yuli na 2024, kuskure ɗaya daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tsayar da na'urori wajen miliyan 8 da rabi, bisa ƙiyasin Microsoft, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka rikice. A waɗannan lokuta duka, hanyar da ɓarna ta biyo ita ce ta mai gadin kansa.

To, idan haka ta ke a Amurka da Turai inda wuta ba ta ɗaukewa, yaya ke nan a ƙaramar hukuma? Riga-kafin kwamfuta ya dogara ƙwarai a kan jerin alamomin cututtukan da aka riga aka sani, kuma wannan jeri sai an yi ta sabunta shi kullum ta intanet. Na'urar da ta yi wata uku ba ta ga intanet ba, saboda rashin wuta ko rashin kuɗin data, tana nan da tambarin riga-kafi a fuskarta amma ba ta san cututtukan bana ba. Cutar da ta fi addabar ɗalibai kuwa ita ce wadda ke bin filash daga wannan shagon buga takardu zuwa wancan. Ta kan ɓoye takardun mutum, ta ajiye waɗansu gumaka masu kama da su a madadinsu, da zarar an taɓa ɗaya sai ta shige na'urar. Sau da yawa takardun suna nan a ɓoye ba su salwanta ba, amma ɗalibin da ba a gaya masa ba sai ya goge filashin gaba ɗaya, ya yi asarar aikin shekara guda da hannunsa.

Batu na biyu shi ne rashin mai sauraron ƙara. Yawancin na'urorin da ke hannun ƙananan ma'aikata da ɗalibai na gwanjo ne, an sayo su daga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, an kuma zuba musu manhaja a shago. Mai shago ya kan sa riga-kafi na gwaji wanda ke mutuwa bayan kwana talatin, ko kuwa na sata wanda aka fasa makullinsa. Ran da abu ya lalace, mai shago zai ce laifin kamfani ne, kamfani kuwa yana hayin teku, ba shi da ofis a Kazaure balle a Gwiwa, ba ya jin Hausa, kuma bai san da zaman wanda ba shi da lasisi ba. Wanda ma ya biya kuɗinsa ba lalle ne ya tsira ba, domin farashin da dala a ke yanka shi, darajar naira kuwa ta faɗi ƙwarai tun watan Yuni na 2023. A Ingila sai da hukumar kula da gasar kasuwanci ta tsaya tsayin daka a 2021 kafin McAfee da Norton suka yarda su riƙa mayar da kuɗi ga waɗanda aka sabunta wa rajista ba da sonsu ba. A Amurka kuma, bayan gwamnati ta hana sayar da Kaspersky a 2024, masu amfani da shi da yawa sun wayi gari a watan Satumba sun tarar an cire shi an sa musu wani mai suna UltraAV. Idan mutanen da ke da lauyoyi da hukumomi masu ƙarfi sun sha wannan, ina ga malamin firamare a Roni?

Batu na uku ya fi sauran muni, domin ya shafi amana. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin da ya ba da riga-kafi kyauta dole ya nemi inda zai fanshe, shi ya sa allon ke cika da jan rubutu mai tsoratarwa, wai an gano ɗaruruwan matsaloli, a biya kuɗi a gyara. Waɗansu kuma su kan canja wa mutum shafin bincike, su liƙa masa abubuwan da ke cin data suna nauyaya na'ura. A watan Janairu na 2020 asiri ya tonu cewa Avast yana tattara bayanan shafukan da mutane ke ziyarta yana sayarwa ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, a 2024 kuma hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16 da rabi. A 2021 Norton ya haɗa wa kayansa wani sashe na haƙar kuɗin intanet, yana yankar kashi 15 cikin ɗari na abin da aka samu, bai daina ba sai a 2022. Kamfanin Lenovo ma a 2015 an kama shi ya sayar da kwamfutoci da manhajar talla ta Superfish a cikinsu, wadda ta buɗe ƙofar da ɓarawo zai iya bi ya karanta sirrin mai na'ura. Ma'aikacin da ke riƙe da sunaye da lambobin asusun ɗaruruwan mutane ya kamata ya yi wa wannan karatun ta-natsu.

Waɗansu za su ce to, a yi watsi da riga-kafin mana baki ɗaya. Wannan ba shawara ba ce, domin cututtukan na gaske ne, kuma tun 1986 da aka ga ƙwayar Brain daga Lahore ta Pakistan ba su daina ƙaruwa ba. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu tara riga-kafi biyu ko uku a na'ura ɗaya, su yi ta faɗa da juna har aiki ya gagara. Akwai masu zaune a kan Windows 7 wanda Microsoft ya daina yi wa gyara tun Janairun 2020, ga shi Windows 10 ma wa'adinsa ya cika a watan Oktoba na 2025. Babu riga-kafin da zai tsare gidan da katangarsa ta riga ta zube.

Abin da ya kamata a yi ba mai tsada ba ne. Tun daga Windows 8 na 2012 akwai cikakken riga-kafi a cikin Windows, watau Defender, wanda ba a biyan ƙarin kuɗi a kansa, ya kan kuma ja da baya idan aka sa wani a kansa. Ga yawancin ɗalibai da ƙananan ofisoshi wannan ya wadatar, muddin Windows ɗin na gaskiya ne kuma ana sabunta shi. Ya kamata kowace sakatariyar ƙaramar hukuma ta kafa doka cewa riga-kafi ɗaya tak za a sa a kowace na'ura, a keɓe rana guda a mako domin sabuntawa, a kuma ajiye kwafin muhimman takardu a wani wuri dabam wanda ba ya haɗe da na'urar. Idan kuwa za a sayi na kuɗi, kada a biya ɗan kwangila sai ya kawo lasisi da sunan ofishin, ya kuma rubuta wanda za a kira idan abu ya ɓaci da kwanakin da zai ɗauka ya zo.

Makarantun Kazaure suna yaye matasan da suka san wannan aiki, abin takaici ne a ce ofis a Babura ko Gwiwa sai ya ɗauki na'ura zuwa Kano domin cutar filash. A ɗauki ɗaya ko biyu daga cikinsu a kowace ƙaramar hukuma, a kuma tura ɗalibai masu koyon aiki su zagaya shagunan buga takardu suna nuna yadda a ke tsabtace filash ba tare da goge shi ba. Hukumar NITDA da hukumar kare hakkin masu saye ta FCCPC su ma suna da nasu nauyin, musamman tun da aka kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023. Su fitar da bayani cikin Hausa a gidajen rediyo, su faɗi inda a ke kai ƙara, su kuma bi kadin wanda aka cuta.

Ma'aikaci da ɗalibi kuwa, kafin su danna amincewa da kowace manhaja, su tambayi wanda ya yi ta, da abin da zai samu, da wanda zai amsa idan ta yi ɓarna. In ba a sami amsa ba, barinta ya fi alheri.