Tsohon ciki da falo a tsakiyar gari: kuɗin me muke biya?

A wannan makon maganar ɗaki za mu taɓa. Da yawa daga cikinmu a nan Birnin Gwari an kai gaisuwa, an yanka sadaki, wasu har lefe ya haɗu, amma an kasa sa rana saboda ba a samu inda za a ajiye amarya ba. In kuma aka samu, zaɓin ba ya wuce biyu: tsohon ciki da falo a tsakiyar gari, ko sabon gini mai tayil da banɗaki a ciki can bakin gari, inda fulotai suka ƙare gonaki suka fara. Sau da yawa idan dillali ya faɗi kuɗin tsohon, sai saurayi ya riƙe baki. Ɗakin da ya girme shi, har yanzu da bakin tsada?

Mu dai muna tare da tsohon ɗakin, amma ba ido rufe ba.

Wanda ya taɓa kwana a ginin jar ƙasa da aka yi wa filasta ya san abin da kaurin bango ke yi. A watan Afrilu, lokacin da ɗakin bulo inci shida mai kwano ba silin ke komawa tanda, tsohon ɗaki yana nan da sanyinsa ko da wuta ko babu. Da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Akwai rijiya a tsakar gida wadda aka san halinta shekara da shekaru, akwai zaure da baƙo zai tsaya ya yi sallama. Kasuwa da masallaci da asibiti duk tafiyar ƙafa ce, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mashin na kullum ya zama wata hayar daban da mazaunin bakin gari ke biya ba tare da ya lissafa ba. Babban abin kuwa shi ne mutane. Idan miji ya tafi fatauci ya kwana biyu, amarya ba ita kaɗai ba ce a gida. Idan naƙuda ta tashi cikin dare, akwai dattijuwar da za a ƙwanƙwasa wa ƙofa.

To amma duk waɗannan suna nan tun da can, lokacin da ɗakunan ke da araha, har wasu masu gida ke ba malamin makaranta kyauta. Abin da ya ɗaga farashin daji ne. Tun kafin harin Gwaska na watan Mayun 2018, wanda ya ci rayuka fiye da arba'in, mutanen ƙauyuka suka fara kwararowa cikin gari, kuma suka ci gaba da zuwa daga ɓangarorin Randagi da Kakangi da Dogon Dawa da Damari a shekarun da suka biyo baya. Wanda ya baro rumbunsa da tsakar dare ba ya neman tayil. Ɗakin da ke kewaye da gidaje ta kowace kusurwa yake nema, inda in an yi ihu za a ji. Kowane shago, kowane zaure, har ɗakin ajiyar hatsi ya samu mai haya. A daidai lokacin kuma gini ya yi wuya: hanyar Kaduna mai kimanin kilomita 120 ta zama sai da rakiyar jami'an tsaro, kayan gini na isowa da tsadar hanya a kansu, ga shi a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama. Masu nema sun ƙaru, sababbin ɗakuna ba su ƙaru yadda ya kamata ba. Kenan rabin abin da muke biya kuɗin kwanciyar hankali ne, bangon da kwanon sun daɗe da mayar wa mai su da kuɗinsa.

Akwai masu cewa bakin gari na yau shi ne tsakiyar gari na gobe, kuma suna da hujja. Gidajen da gwamnatin Shehu Shagari ta gina tsakanin 1979 da 1983, waɗanda akasarinsu masu ɗakin kwana ɗaya ne, an raina su a lokacin saboda ƙanƙanta da nisa. Ku dubi na Barnawa a Kaduna yanzu, gari ya haɗiye su, samun ɗaya sai mai rabo. Sai dai wannan ribar mai fuloti ce. Ɗan haya da ke biyan shekara-shekara ba zai ci komai ba idan gari ya iso unguwar bayan shekara ashirin, illa ma a ƙara masa kuɗi.

Inda tsohon ɗaki ke faɗuwa jarrabawa shi ne ranar da dangin amarya suka zo ganin ɗaki. Magina na da sun auna ɗakunan ne da gadon ƙarfe da akwati da jeren kwanuka. Kayan ɗaki na yanzu kuwa gado ne shida da shida, da wadrob mai ƙofa huɗu, da madubi, da saitin kujeru da zai cika falon ma'aikacin banki. Ƙofar ba za ta shigar da su ba sai kafinta ya kwance, in an shigar kuma ba wurin shimfiɗa sallaya. Sai gwaggo ta leƙa banɗaki, ta ga na tarayya ne da gida huɗu, ta ja mayafi ta ce 'yarsu ba za ta zauna a nan ba. Maganar banɗakin muna ba ta gaskiya, domin bin layi da buta kowace safiya ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da ba ta saba ba. Amma maganar kujeru, a ganinmu, an juya abin ne. Ana cin bashi a sayi kaya, sannan a tilasta wa ango ya nemo ɗakin da zai ɗauke su, ko da a bakin daji ne. Da iyaye za su auna ɗaki kafin su je wurin kafinta, da aure da yawa sun ɗauru tun bara.

Masu gidaje kuma, a nan ne muke da ƙorafi. Tun da aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kasuwar kara a watan Nuwamban 2024, hanya ta samu, wasu sun koma gonakinsu. Haya kuwa in ta hau ba ta san hanyar saukowa ba. Ba mu ce a mayar da ita yadda take shekara goma baya ba, kowa ya san naira ta faɗi. Amma wanda ya karɓi kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali a kan ɗan haya, bai kamata ya bar kwano na yoyo, gara na cin katakon rufi, wayar wuta a tsirara tun ta zamanin NEPA ba. Tsohon gini na ƙasa yaɓe da gyaran indararo yake so duk shekara kafin ruwa ya sauka, in aka yi sakaci damina biyu bango zai fara jiƙa daga tushe. Don haka mai neman ɗaki ya je ya gan shi a watan Agusta, ko ya tambayi wanda ya tashi me ya tashe shi. In an yarda ɗan haya zai yi gyara a cire a kuɗin shekara mai zuwa, a rubuta a gaban shaidu, mai unguwa ya sa hannu.

Wasu a cikinmu da suka ɗan samu, musamman masu harkar zinare da hatsi, sun fara wuce haya suna sayen sashe guda a tsohon gidan gado: ciki da falo naka, zaure da rijiya da banɗaki na kowa. A Amurka da wasu ƙasashe irin wannan mallaka tana da tsari, kowane mai sashe na biyan wani abu duk wata don gyaran rufi da sauran abin da aka yi tarayya a kai. Mu a nan mutunci kawai ke riƙe da ita, shi ya sa ranar da katangar tsakiya ta zube kowa ke cewa ba tasa ba ce. Kafin a biya ko sisi, a tabbatar an raba gadon, a ga takardar kotu, a ji ta bakin kowane magaji har matan da ke aure a wani gari. In ba a raba ba, a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi abokin tarayya na da haƙƙin shuf'a. Yana iya zuwa bayan ciniki ya faɗa, ya mayar wa mai saye da kuɗinsa ya karɓi sashen, ko da an riga an yi fenti an sa ranar jere.