Kafanchan Garinmu Ne, Mu Daina Zaman Mai Jiran Jirgi

Shekaranjiya bayan la'asar ina zaune a shagon Baba, sai ga wani dattijo mutumin Kagoro, tsohon abokin cinikinsa. Baba ya miƙe ya gaishe shi da yarensu, suka daɗe suna raha. Ni kuwa da aka haifa a garin nan, ko kalma ɗaya ban tsinta ba. Wallahi kunya ta kama ni, ita ce ma ta sa na yi wannan rubutu.

Mai karatu, bari mu ɗan waiwayi baya. Ƙasar nan ta Fantswam ce tun asali. Masarautar Jama'a ta kafu tun zamanin jihadi a ƙarƙashin Zazzau, fadarta ta dawo Kafanchan a 1933. Amma abin da ya mai da wurin gari shi ne jirgin ƙasa. Zuwa 1927 nan ce mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal, da mai zuwa Kaduna, da mai zuwa Jos. Jirgin ya kawo Ibo da Yarbawa, ya kawo kakana daga Kano da ɗan jarinsa na goro. A nan ya yi aure, a nan aka binne shi.

To, an sha wuya. Rikicin Maris 1987 daga Kwalejin Ilimi ya faro. An yi na 1999 kan naɗin sarki. Na 2011 kuwa, bayan zaɓen shugaban ƙasa, da idona na gani ina firamare. Kasuwa ta ƙone, har da shagon Baba. Kowane ɓangare ya yi asarar rayuka da dukiya. Daga nan kowa ya koma unguwar da nasa suka fi yawa, har cinikin ma ya rabu. Mu da muka taso bayan nan ba mu san maƙwabtanmu yadda iyayenmu suka san su ba.

Ga inda nake ganin namu laifin. Da yawanmu har yau in an ce "gida", Kano ko Katsina muke nufi, ko da sau biyu kacal muka taɓa zuwa. Mutum na samun kuɗi sai ya sayi fili a can. Muna biyan kuɗin rumfa, amma ba ma tambayar me aka yi da shi. Sau nawa ka je wurin kansilan mazaɓarku kan kwatar da ta toshe? Sai ranar zaɓe ko ranar tashin hankali ake jin muryarmu. Alhali hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a tana cikin garin nan, da ƙafa ma kana iya zuwa. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wa zai bi sawun kuɗin in duk mun naɗe hannu?

Na san wani zai ce, ai su ne ke kiranmu baƙi. Gaskiya ne, ni ma an faɗa mini, kuma ya yi mini ciwo. Amma wanda ke zaune da jaka a ɗaure, shi ya ba da ƙofar a kira shi baƙo. Kuma mu tuna su ma suna da nasu ƙorafin na shekaru, tun kafin su samu sarautun kansu. Sai mun saurari nasu za su saurari namu.

Shawarata ga matasa 'yan uwana ba ta da yawa. Mu koyi gaisuwa da yaren maƙwabta. Mu je musu ta'aziyya da biki kamar yadda Baba ke yi. In za a kai kukan ruwan sha ko hanya ko kasuwa, mu tafi tare da su a takarda ɗaya, don ambaliya ba ta tambayar addini. Da cutar citta ta cinye gonaki a 2023, manomi ya yi kuka, mu ma a shago mun yi, domin kuɗinsa ne cinikinmu.

Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah Ya zaunar da Kafanchan lafiya, amin. Sai mun sake haɗuwa.