To, Wa Ya Cinna wa Takardun Wuta?

Wani marubuci ya fito a jarida yana cewa a bar tone-tonen azabar da Turawan mulkin mallaka suka gana wa 'yan gwagwarmayar Mau Mau a Kenya, wai babu hujja. Ina hujjar ta tafi?

Gab da samun 'yancin Kenya a 1963, jami'an Ingila sun banka wa tarin takardu wuta, sauran kuma suka yi awon gaba da su daga baya suka ɓoye su a Hanslope Park da ke Ingila. Sai a 2011, bayan tsofaffin da aka azabtar sun kai ƙara Landan, gwamnatin Ingila ta amsa cewa takardun suna hannunta. A sansanin Hola da ke Kenya kuwa, a 1959, dukan kawo wuƙa aka yi wa fursunoni 11 har suka mutu, aka fara cewa wai ruwa suka sha ya kashe su. Ba a gurfanar da kowa ba.

Ɗan abin da ya tsira daga wuta ya taimaka aka biya fam miliyan 19.9 a 2013, diyyar mutum 5,228 haɗe da kuɗin shari'a. Marubucin namu duk ya tsallake wannan, ya dage sai waɗanda aka daka su kawo takardar shaida.