Turai na komawa ga maɓalli, mu kuwa muna cire namu muna liƙa allo

Hukumar Euro NCAP, wadda ke gwada ingancin sababbin motoci a Turai tana ba su taurari har zuwa biyar, ta shigo da wani sharaɗi da ta tsayar da shekarar 2026 a matsayin lokacin fara aiki da shi. Motar da ke neman cikakken maki ba za ta ɓoye abubuwa biyar a cikin allon taɓawa ba: sigina, fitilun gargaɗi, waifa, hon da kuma maɓallin kiran agajin gaggawa. Kowannensu sai ya kasance yana da maɓalli ko sanda da direba zai laluba ya samu ba tare da ya ɗauke idonsa daga titi ba. Ba doka ba ce, babu kamfanin da za a ci tara idan ya ƙi. Sai dai a kasuwar Turai motar da ta rasa tauraro takan rasa masu saye, kuma kamfanoni sun fi jin wannan yare fiye da na kotu.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko ma'aikacin Sakatariyar Audu Baƙo zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwansa yana kan hanyar da ta rabu da titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Ɗangora, ta ratsa Tudun Wada, ta kutsa Dajin Falgore, ta bi ta ƙasar Doguwa ta nufi Saminaka da Jos. Wannan hanya ce ke fito da masara da shinkafar kudancin Kano zuwa kasuwannin birni, ita ce kuma ke kai malamin makaranta da ma'aikacin lafiya da aka tura Kiru ko Bebeji ko Riruwai wurin aikinsa ranar Litinin, ta dawo da shi gida ranar Juma'a. Mafi yawan wannan zirga-zirga a ƙananan motoci ake yin ta, kuma babu wadda ta kai Golf suna a cikinsu.

Kamfanin Volkswagen ya fara sayar da Golf 3 a 1991, ya kuma maye gurbinta da sabuwar ƙira tun kafin shekarar 2000. A nan kuwa har yau ita ce jakar tasha. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, sannan darajar Naira ta faɗi a watannin da suka biyo baya, ƙaramar mota mai gajeren baya ta daina zama abin raini. Wanda a da ba ya kallon Peugeot 206 ko Toyota Yaris ko Pontiac Vibe, yanzu ita yake ciniki, domin tankinta ne albashinsa ke iya ɗauka. Abin lura shi ne abin da yake yi da ita bayan ya saya. Sau da yawa, kafin ya duba birki ko ya sauya tayoyin da ta zo da su, sai ya kai ta wurin mai gyaran wayoyin mota a cire tsohuwar rediyo a liƙa mata allon Android mai faɗin inci bakwai ko tara. Motar ta koma ta zamani a idon maƙwabta, a kan kuɗin da bai kai na taya huɗu masu kyau ba.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da aka cire. Gaban tsohuwar Golf ba shi da wani ado. Akwai maɓallan murɗawa uku na iska da zafi, akwai jan maɓallin fitilun gargaɗi, akwai sandar sigina a hagu da ta waifa a dama, sai rediyo mai maɓallin ƙara murya da ake juyawa. Direban da ya yi wata guda da motar hannunsa ya haddace su duka. Zai rage muryar rediyo cikin duhu, a tsakiyar kwana, ba tare da ya san ya yi ba, kamar yadda mai tasbihi ba ya duba carbinsa. Maɓalli yana da siffa da gurbi, kuma yana amsa wa yatsa idan an danna shi. Gilashi kuwa sumul yake daga wannan gefe zuwa wancan. Yatsa ba ya gane inda ya sauka, sai ido ya raka shi, ya jira ya ga ko allon ya amsa, idan bai amsa ba a sake. A kan titi mai gargada, inda hannu ke rawa, sau biyu ko uku ake taɓawa kafin a dace. Da rana hasken rana ya dusashe allon, da dare shi kuma allon ya kashe ido.

Lissafin abin ba ya buƙatar masani. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku na neman waƙa ko karatun wani malami a allo sun kai mita 67. Idan gudun ya kai kilomita 100, wanda direbobin Golf ba sa ɗaukarsa gudu, daƙiƙa huɗu sun wuce tsawon filin ƙwallo. Duk wannan tazara motar ita kaɗai ke tafiya da mutanen da ke cikinta.

A 2022 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin mai suna Vi Bilägare ta gwada wannan a aikace. Ta sa direbobi su yi wasu 'yan ayyuka, irin su sauya tashar rediyo da ƙara ɗumin cikin mota, suna gudun kilomita 110 a sa'a. A tsohuwar Volvo V70 ƙirar 2005, wadda ba ta da allon taɓawa, an gama komai cikin daƙiƙa 10, motar ta ci mita 306. A sabuwar MG Marvel R mai ƙaton allo sai da aka shafe daƙiƙa 44 da ɗoriya, motar ta ci fiye da kilomita ɗaya da mita 300. Abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne, cikin sababbin motocin da aka gwada, wadda ta fi kusa da tsohuwar Volvo ita ce Dacia Sandero, ƙaramar mota mai araha wadda ta bar maɓallan iska a inda aka san su. Tsada ba ta sayi natsuwa ba. Kafin wannan, a 2020, cibiyar binciken sufuri ta TRL da ke Birtaniya ta yi wa ƙungiyar IAM RoadSmart wani nazari, inda ta gano cewa sarrafa Apple CarPlay ko Android Auto da yatsa yana rage saurin ankarar direba da fiye da kashi 50 cikin ɗari, abin da ya zarce illar rubuta saƙon waya ana tuƙi.

Waɗancan gwaje-gwaje a shimfiɗaɗɗen fili ko a na'urar koyon tuƙi aka yi su, inda babu akuya babu rami. Hanyar Tudun Wada ba haka take ba. Hannu ɗaya ce mai zuwa, ɗaya mai dawowa, babu shinge a tsakani. A cikin mita 67 ɗin nan ana iya samun garken shanu da ke tsallakawa a bakin Falgore, ko ɗan acaɓa da ya ɗauko buhu biyu ya fito daga hanyar gona ba tare da ya waiga ba, ko yara 'yan talla da suka rugo don sun ga mota ta rage gudu, ko tirelar da ta lalace aka jera mata ganye a madadin alamar gargaɗi. Da kaka kuwa har gefen kwalta kan zama wurin shanyar amfanin gona. Ga kuma tsohon tsoron 'yan fashi da masu garkuwa da mutane da ya koya wa direbobi taka mota a cikin dajin, ɗabi'ar da ba ta barin ƙafa ko da an samu sauƙin tsaro.

Direban haya yana da ƙarin nasa nauyin. Wayarsa ita ce ofishinsa. Mai saƙo na kira ya ji ko an wuce Tudun Wada, ɗan kamasho na kira, mai motar na kira. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 fasinjoji da dama sun koma biyan kuɗin mota ta waya, don haka direba na tuƙi yana leƙen ko kuɗin sun shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi kusan ninki huɗu wajen yiwuwar yin haɗari, kuma sanya wayar a lasifika bai rage haɗarin sosai ba, domin hankalin ne ya tafi, ba hannu kaɗai ba. A kan wannan ne ake ƙara allo mai nuna fim. Duk wanda ya saba shiga motar haya ya san yadda ake yi: fasinjoji na kallo suna dariya, direban da ke zaune kusa da allon fiye da kowa kuma ana sa ran shi kaɗai ba zai kalla ba.

Ba ina wanke tsohuwar Golf ba ne. Motar da aka ƙera don mutum biyar, aka cusa mata biyu a kujerar gaba da huɗu a baya, wani lokaci har da wanda ke raba kujera da direba, ga but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya, ba za a kira ta mota mai aminci ba ko da gabanta duk maɓallai ne. Sababbin motoci sun fi ta ƙarfin jiki da birki da jakar iska nesa ba kusa ba. Shi ma allon yana da ranarsa: kyamarar baya tana ceton yaran da ke wasa a bayan mota a lungunan birni, taswira kuma tana taimakon baƙo. Magana ita ce, tsohuwar motar tana da alheri guda ɗaya tak da ya rage mata, wato ba ta neman idon direba, kuma shi ne muke biyan kuɗi a cire.

A ɓangaren hukuma, giɓin a bayyane yake. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ce mutum 5,421 ne suka rasu a haɗurra 9,570 a shekarar 2024. A rahotanninta gudun wuce sa'a ne kullum ke kan gaba, sai ƙwacewar mota daga hannun direba da sauransu, amfani da waya kuwa can ƙasa yake da 'yan adadi kaɗan. Wannan bai nuna matsalar ƙarama ba ce, yana nuna wuyar kama ta ne. Gudu yana barin zanen taya a kwalta, fashewar taya tana barin ɓaraguzai. Ɗauke ido ba ya barin komai. Direban da ya mutu ba zai yi bayani ba, wanda ya tsira kuma zai ce motar ce ta ƙwace, 'yan uwa su ce ƙaddara ce, a rufe magana. Tarar amfani da waya ana tuƙi a jadawalin da hukumar ta daɗe tana aiki da shi Naira 4,000 ce, kuɗin da ba su kai na lita biyar ta fetur ba a farashin ƙarshen 2024. Ita ma tarar wayar da ke hannu take kamawa. Jami'in da ke tsaye a shinge yana ganin direba ya kara waya a kunne, amma ba ya ganin yatsan da ke yawo a kan allo, kuma kafin a iso shinge an kashe fim ɗin.

Abin da ke tafe ya fi wanda ake ciki. Kamfanoni ba don ƙaunar direba suka rungumi allo ba. Allo ɗaya ya fi musu arha a kan maɓallai masu yawa da wayoyinsu, shi ya sa har ƙananan motoci suka same shi. Golf 8 da ta fito a 2019 ta mayar da ƙara murya da daidaita zafi zuwa wani layi da ake shafawa, wanda ko haske ba ya yi da dare. Ƙorafi ya yi yawa har kamfanin ya dawo da maɓallan sitiyari a gyaran da ya yi wa motar a 2024, kuma a 2025 shugaban sashen ƙira na Volkswagen, Andreas Mindt, ya bayyana cewa motocinsu masu zuwa za su koma ga maɓallai na zahiri a muhimman ayyuka. To, ina miliyoyin motocin da aka riga aka ƙera a zamanin allo za su ƙare? Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Hanyar da Golf 3 ta bi ta iso tashar Tudun Wada, ita Golf 8 za ta bi. Za ta iso da allon da ya tsufa, wanda zafin Afrilu da ƙurar hunturu za su ƙarasa, alhali a cikinsa ne ake sarrafa yawancin saitin iskar cikin motar. Maɓallin da ya karye ana samun madadinsa a Ƙofar Ruwa a kan kuɗi kaɗan. Allon da ya mutu kuwa da ayyuka goma yake tafiya a lokaci guda.

Akwai gyaran da bai buƙatar jiran Majalisar Tarayya. Yawancin allunan da ake liƙawa suna zuwa da wata waya da aka tanada don a haɗa ta da birkin hannu, ko kuma wani zaɓi a cikin saitinsu, yadda hoton bidiyo ba zai fito ba sai mota tana tsaye. Masu haɗawa kan ɗaure wayar da jikin ƙarfen mota don allon ya riƙa ɗauka cewa kullum a tsaye ake, saboda abin da mai mota ke so ke nan. Jami'an duba lafiyar ababen hawa da KAROTA za su iya sanya wannan cikin abin da suke dubawa a motocin haya, kuma gwajinsa ba ya cin minti ɗaya: a sauke birkin hannu a ga ko hoton zai ɗauke. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, waɗanda ke iya hana mota lodi saboda kuɗin tikiti, suna da ikon hana ta lodi saboda wannan. Wanda kuma ya je sayen allo ya nemi mai maɓallin murya da ake murɗawa, ya tsaya a kan mai haɗawa har ya ga wayar nan ta shiga birkin hannu kafin ya biya kuɗin aiki.