Gwiwar ƙarfe ba ta son maganin talla

Dattawanmu na zuba dukiya su tafi Tunusiya ko Indiya a sa masu gwiwar ƙarfe, su komo gida babu mai bin sawunsu. Alhali cikin mutum 100, ƙwayoyin cuta kan kama gwiwar 1 ko 2. Da ta kumbura ko miki ya soma ruwa, sai a nufi mai tallar magani. Kuskure ke nan: cutar manne wa ƙarfe take, kafso kuwa ɓoye ta yake ga gwajin likita. In an gaggauta cikin makonnin farko, fiɗa da wanki kan wadatar. In an makara, sai an cire ƙarfen. Wajibi ne ma'aikatar lafiya ta tanadi likitocin ƙashi masu duba su da zarar sun sauka.