Inda Fara Ke Ɓoye Ƙwanta

Zuwa ga Edita,

Yau ina so in faɗakar da 'yan'uwana manoma a kan barbarar fara. Namijin yakan hau bayan macen ya zuba mata iri. Ita kuwa tana da wata 'yar jaka a ciki inda take ajiye shi, har barbara ɗaya ta ishe ta ƙwai sau biyu ko uku. Sa'an nan ta miƙa ƙarshen cikinta, ta huda rairayi mai laima zurfin inci 4, ta zuba ƙwai wajen 80, ta toshe ramin da kumfa. Bayan kamar mako biyu su ƙyanƙyashe.

To, jama'a, in kun ga fara goye da juna, ku shaida wurin, ku gaya wa dagaci, a kafce shi, rana da tsuntsaye su gama da ƙwan.